Kalmomi a Kan Gishiri

A Colchani, bakin farin filin Uyuni,
inda gishiri ya shimfiɗu har ido ya gaji,
Eulogia na zaune bayan buhunan mahaifinta
da kyandir ɗaya da ƙamus mai yagaggen bango
wanda wani baƙo ya manta a motar haya.

Saura kwana goma sha ɗaya.
Mutanen kamfani za su zo da taswira,
suna neman abin da ke kwance ƙarƙashin gishirin,
ma'adinin da ke sa batir ya yi tsawon rai.
Ƙungiyar mahaƙa ta ce: ke kika yi makaranta,
ke za ki zama kunnenmu.

Sai ta yayyanka kwalin sabulu.
Gaba Turanci, baya Sifaniyanci,
can ƙasa, da fensir, harshen kakarta.

Ta farko na nufin bunƙasa.
Gajeruwa ce, amma ba ta ƙarewa
sai harshe ya leƙo tsakanin haƙora.
Ƙamus ya ce da ita ake faɗin girman yaro,
da tsawon shuka, da arzikin ƙasa.
Ta rubuta a gefe: wa ke riƙe da mudun?

Ta biyu doguwa, gaɓa huɗu,
kamar taragon jiragen da suka yi tsatsa a bayan gari.
Titi ne, lantarki ne, famfo ne, gada ce,
an cusa su buhu ɗaya an ɗaure baki.
Ta maimaita ta sau bakwai.
Kyandir ya yi rawa. Wuta dai ba ta dawo ba.

Nemesio ya shigo, hannu duk faso,
shekara arba'in gishiri na cin rabonsa a fata.
Ya ɗauki kwali ɗaya a kife.
Wannan fa?
Zuba jari, Baba.
Ya ce, na san zubawa. Ina kwashewa?
Ta buɗa nan, ta buɗa can,
ta ce ba shafinsu ɗaya ba.

Dare ya bi dare, kwali ya bi kwali:
fitar da kaya, samar da aiki,
rance, da ribar da ke bin rance kamar jela,
yanki, da ci gaban yanki,
har sai da aljihun rigar sanyinta ya kumbura.
Tana ɗura gishiri a leda, tana bita.
Tana ƙone bakin ledar, tana bita.
Wasu sun zauna daram. Wasu sun zame
kamar ƙafa a kan filin bayan ruwan Janairu.

Ɗaya ta hana ta barci.
Ma'anarta: masu ruwa da tsaki.
Tsaki kam muna da shi, in ji ta,
ga shi nan har bakin ƙofa.
Ruwan ne rijiya ɗaya,
mu da dabbobi da gonar kinuwa.

Ranar ta zo. An share ajin firamare.
Mutumin ya yi magana mai santsi,
kalmominta na fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya
kamar tumakin da ta yi kiwo, a hannun wani.
Ta gane su. Ta kira kowace da sunanta.
Ta juya wa dattawa, ba ragi, ba ƙari.

Da ya ce ko akwai tambaya,
ta laluba aljihu, kwalayen sun jiƙe da gumi.
Ba ta zaro ko ɗaya ba.
Kalmar da take so tun aji uku ta san ta,
ƙarama, gaɓa biyu.

Ta ce: ruwa.
Bokiti nawa ne batir ɗaya?

Mutumin ya buɗe jakarsa.
Ya daɗe yana juya takardu.
Nemesio ya gyara zama a kan bencin yara,
ya ɗora hularsa a gwiwa,
yana jira.