Mai Bi ta Ƙasa

Na sayi gidan a Kastamonu da tsakiyar sanyi,
dusar ƙanƙara har ƙauri.
Mai gidan ta miƙo mabuɗi huɗu, ta ce ƙaramin na rumbu ne,
ba ta ce uffan ba kan tsirarun sandunan da ke gindin katanga.
Na ɗauka makamashi ne aka manta a tsaye.

Da ƙasa ta sha iska sai sandunan suka yi ido.
Ganye bibbiyu, kowane na fuskantar ɗan'uwansa,
faɗi a gindi, tsini a baki, santsi kamar an shafe da mai.
Ban san sunansa ba, na dai ba shi ruwa,
yadda ake yi wa baƙon da ya yi sallama da dare.

Ran wata Talata aka buga ƙofa.
Rustem ne, maƙwabci, tsohon mai ba jirgin ƙasa hannu,
riƙe da tsiro guda, da saiwarsa, da ƙasarsa,
kamar ya kamo ɗan wani ta kunne.
"Nurhayat, naki ne. A cikin albasata na same shi.
Na bakwai ke nan."

Na ce ban shuka komai a gidanka ba.
Ya ce, "Ba ke ba, shi.
Leylak ba ya haura katanga, ta ƙasa yake bi."

Ya karɓi fartanyata, ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya tona, ya tona, har jijiya ta fito fili,
kaurin ɗan yatsa, kwance, ta miƙe gidansa ba waiwaye.
"In kin sare daga sama, aski kika yi masa.
Yanke guda, uku su taso.
Bi shi har inda ya rabu da uwa,
ki fizge. Ban da wuƙa.
Fizga ce ke tafiya da idon."

Sai ya kama hannuna ya ɗora kan wani ƙulli
dab da ƙasa, tauri kamar tsohon tabo.
"Aure aka yi masa nan.
Na sama daban, na ƙasa daban.
Na ƙasan ya fi ci.
Ba shi shekara uku, ki nemi na saman ki rasa."

A watan Mayu na saman ya yi magana:
fari fat, dunƙule-dunƙule, reshe har ya sunkuya.
Ƙamshin ya shigo ta taga bai nemi izini ba,
ya kwana a labule, ya shiga burodi.
Mako biyu kacal.
Da furen ya koma launin shayi sai ga murya ta kan katanga:
"Yau za ki datse. Kika kai kaka, furen baɗi kika yanka.
Tsofaffin ma, ɗaya cikin uku, har ƙasa."

Na datse. Na ji kunyar yawan abin da na tara.
Muka haƙa rami kamu biyu a bin katanga,
muka binne tsohon kwanon rufi a tsaye,
shi yana faɗa, ni ina haki,
tafin hannuna duk bororo.

Jiya na hau tsani gyaran indararo,
na leƙa ba da niyya ba.
Can bayan albasa, cikin garwar man zaitun,
tsiro guda, an kafa masa sanda, ƙasar jiƙe.

Na ce, Rustem, wancan fa?
Bai ɗago ba, yana ta cire ciyawa.
"Naki fari ne, na 'yan birni.
Wannan shunayya zai yi,
irin na bayan tashar da na yi shekara talatin.
Ba ya cikin lissafi."