Gefen Takarda

A Huddersfield, ƙarƙashin bene, ɗaki ba taga,
aka zaunar da ni, ni da injin ɗaukar hoto,
da kwali tamanin da uku shaƙe da ambulan.
Manaja ta ce, "Asabe, kafin Disamba
muna son kowa ya koma cikin kwamfuta."

Kowa, in ji ta. Sai ka ce mutanen zan naɗe
in tura ta bakin injin ɗaya bayan ɗaya.
To, bismillah. Na zare ƙusa, na miƙe lanƙwasa,
haske ya bi ta kan takarda ya lashe.
Tarin shekara arba'in da hawan jini,
kafin shayina ya huce sun shige sun fita.

Ba zan rufe alherin abin ba.
Ran Talata wata tsohuwa ta faɗi a tashar bas,
baki ya karkace, magana ta ƙi.
Likitan asibiti ya danna, allo ya gaya masa:
kada a kuskura a ba ta penisilin.
Makon jiya na juye takardarta.
Da tana nan kwance a kwali na sittin,
da yanzu gaisuwa ake wa 'yarta.

Amma akwai Dakta Ackroyd, wanda ya yi ritaya,
mai rubutu kamar kaji sun yi tono.
Wata uku na yi kafin idona ya saba,
sannan na ga abin da yake sakawa a gefe, da fensir:
"Tana tsoron allura. Ja ta da zancen tumatir."
"In ya ce lafiya lau, dubi hannunsa."
"Matarsa ta rasu a Afrilu. Tambaye shi kare."
Ga zoben kofin shayi a kan kalmar Afrilu,
inda ya ajiye ya manta.

Allo yana da gurbi na nauyi, gurbi na tsawo,
na sigari nawa a yini, na giya nawa a mako.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin kare.
Na tambayi yaron kamfani, Callum, mai ɗan kunne,
ya ce hoton yana ciki ai, shafi na ɗari da tara.
Gaskiyarsa. Allura ma tana cikin ruwa,
sai dai wa ke da lokacin nemo ta?

Sabuwar likita, Dakta Nandakumar, ba ta da laifi.
Minti goma aka yanka mata kan kowane rai,
rabinsu na yatsu ne, ido a allo,
kunne ɗaya kawai take iya ba mai cuta.

Mista Sugden ya zo ran Alhamis, ya cire hula.
Lambobinsa duk sun yi kyau, aka sallame shi.
Na gan shi a ƙofa yana gyara mayafin wuya,
ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa,
kamar mai jiran a kira shi a ce an yi mantuwa.
Ruwa na zuba. Ya buɗe lema ya fita.

Ni ba likita ba ce, hannu ce a bayan inji.
Amma na hau bene, na ƙwanƙwasa,
na ajiye mata takardar, yatsana a kan fensir.
Ta yi shiru. Ta cire tabarau ta karanta.

Da ya dawo, aka ce ta juya kujera
har allo ya koma bayan ƙeyarta.
Abin da suka ce, ƙofa ce ta sani.
Minti goma dai ya zama ashirin da biyar,
masu jira suna duba agogo suna tsaki,
manaja ta leƙo sau biyu, rai a ɓace,
ni kuwa na koma ƙasa, wajen aikin wata.

Ran Juma'a mota ke zuwa ta niƙe takardun.
Saura kwali talatin da ɗaya.
Zoben shayin nan, injin ya mai da shi baƙi,
ya fito a allo kamar sifiri.
Yanzu kafin in zura kowace,
sai in karkata ta ga fitila tukuna,
in bi gefenta da yatsa,
ko fensir ya bar wani saƙo da bai goge ba,
ko akwai wani karen da ba a rubuta
a inda ya kamata.