Masaƙar Tsaye a Agege

A bayan layin dogo, hawa na biyu,
Goggo Tasalla ta jingina katako huɗu da bango.
Ta ce, shekara bakwai na yi a Amurka ina rainon jika,
ban dawo da Turanci ba,
da wannan na dawo.
Maƙwabciyata ce ta koya mini, 'yar Nabaho,
ita ba Hausa, ni ba yarenta,
hannu ya yi mana tafinta.

Ni kuwa gyaran waya nake yi a Ikeja.
Yatsuna sun saba da aikin da ke ƙarewa
kafin shayi ya huce.

Kwana uku muna wadari.
Zare ya hau, ya sauko, ya gitta ɗan'uwansa.
Ƙirga, in ji ta. Na ƙirga. Sake.
Sai da ta taɓa shi ya amsa kamar tsirkiyar garaya
sannan ta ce, to, zauna ƙasa.
Daga ƙasa ake farawa,
saƙar nan hawa take yi kamar gini.

Sanda ta buɗe baki ɗaya, allera ta buɗe ɗayan.
Zura akwasha a kwance, juya ta a kan gefenta,
ga ƙofa ta samu.
Ulu ya wuce. Kada ka ja shi.
Bar masa ɗan tudu, mataji ya kwantar da shi.
Dum. Dum.
Ba duka ba ne, yaro, lallashi ne.

Na ja.
Garin nan ya koya mini ja:
jan ciniki, jan jiki cikin danfo, jan numfashi a kan gada.
Mako biyu, dardumata ta yi ƙugu kamar kalangu.
Goggo ta yi dariya har carbinta ya faɗi.
Warware.

Na warware dare goma sha ɗaya cikin yammaci guda,
jirgin Ibadan na wucewa, taga na rawa,
damina ta shiga ulun ba ta taɓa shi ba,
ɗaki duk warin tunkiya.

Aka ɗauke wuta.
Janaretocin unguwa suka tashi da tari.
Masaƙa ba ta san an ɗauke ba.

Yau ja ya haɗu da ruwan toka a tsakiya,
na sarƙa su, kowa ya koma inda ya fito,
babu rami, babu ƙulli.
Ta shafa da bayan yatsa, ba ta ce komai ba,
ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Taƙi ɗaya na yi, saura huɗu.
Wayata na kuka a aljihu,
mai allon da ya fashe ne, na san shi.
Bari in kai layin nan bakin gaɓa tukuna.