Shekarar Kuɗi, Shekarar Ƙanƙara

Ni ce akawun wannan gari.
Mu ɗari shida da goma sha ɗaya ne a takarda,
ban da jaririn Ulaaju da ya zo bayan an rufe ƙidaya.
A lissafi bai iso ba tukuna,
amma yana shan ruwa.

Kuɗinmu daga Ottawa yake tasowa,
ya kwana a Iqaluit, a auna, a yanka,
kafin ya iso teburina ya rame
kamar ƙanƙarar da aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu.
Ban ce an sata ba.
Tafiya ce mai nisa, kowane zango da nasa baki.

Ba a binne bututu a nan, ƙasar ta daskare har ƙashi.
Mota ke kai ruwa gida-gida.
Pilipusi ke tuƙa ta, shekara goma sha tara,
ya san tankin kowa, ya san wa ke wanki ran Talata.
A Janairu, cikin daren da ba ya wayewa,
famfon motar ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Na buɗe fom.
Layi na bakwai: nisanku da babbar hanya mafi kusa.
Na ɗaga kai na dubi taga.
Na rubuta: babu.
Kwamfuta ta ce lamba take so.

Madam Lachance ta kira daga kudu, murya mai kirki,
ina jin motoci na wucewa a bayanta.
Ta ce an amince, amma a kashe kafin ƙarshen Maris,
ranar ce shekarar kuɗi ke rufewa.
Na ce jirgin ruwa sai Agusta,
sai teku ta ga dama ta zare sakata.
Jirgin sama fa?
Dakonsa ya ninka farashin famfo uku, kuma ba a ware ba.
Ta yi shiru. Ina jin tana juya takardu,
tana nema mana ƙofa a katangar da ba ita ta gina ba.

Kwana tara muna saran tafki da gatari muna narkarwa a tukunya.
Makaranta ta rufe.
Ma'aikaciyar jinya na ƙirga bokiti kamar allura.
Pilipusi ya shiga juji da fitila a goshi,
ya farke cikin wani mataccen babur na kan ƙanƙara,
ya yanko zobe daga fatar takalminsa.
Da agogo ya ce safiya ta yi,
ruwa ya zubo.

Babu layin da zan rubuta wannan.
Ba rasit, ba ɗan kwangila, ba hatimi.
Na sa sifiri.
A Mayu wasiƙa ta zo:
tunda ba ku kashe ba, ba ku buƙata,
an rage na baɗi.

Kada in ci in goge baki.
Kuɗin nan ne ya ɗauki 'yata a jirgi tsakar dare
ranar da numfashi ya maƙale mata a wuya.
Wani da bai san sunan garinmu ba
ya biya daga gumin goshinsa.
Wannan na riƙe a hannun dama,
wasiƙar a hagu,
ba wanda na iya saukewa.

Agusta. Teku ta buɗe, yara sun cika gaɓa.
Cikin buhunan fulawa da gangunan mai
ga wani akwati, an rubuta masa: kayan ofis.
Na ɓalle ƙusa. Famfo ne,
da 'yar takarda, rubutun hannu: kada ki tambaye ni.

Pilipusi ya juya shi, ya shinshina,
ya ce na takalmin bai gaji ba tukuna,
ya ɗora sabon a kan kanta.

Na koma teburi, na buɗe fom ɗin baɗi.
Yawan jama'a.
A ƙarƙashin kujerata yaron Ulaaju na rarrafe,
yana jan igiyar takalmina.
Na goge ɗaya, na sa biyu.