Babi na Ƙarshe a Arbroath

Na fara zuwa ƙasar nan tun ba ni da fasfo,
a ɗakin karatun makarantarmu ta Malumfashi,
inda gara ta ci wani tsohon littafi
ta bar mini hazo, da keken doki, da wata yarinya
tsaye bakin taga tana jiran wasiƙa.
Shafi arba'in na ƙarshe babu.
Shekara ashirin da biyu ina bin gara bashi.

Yanzu ga ni a Arbroath, aikin dare,
gidan kula da tsofaffi, ɗaki na tara.
Iskar teku na kawo ƙamshin bandar kifi
har na ce ko kasuwar Yawuri ce ta yi ƙaura.
Ishbel, shekara casa'in ba ɗaya, ido ya yi nisa.
Ta ce, "Lantana, maganin barcin nan ƙarya ne,
ɗauko wancan mai jan bango, karanta mini."

Na ɗauko. Na buɗe. Gabana ya faɗi.
Ga hazon, ga keken dokin, ga yarinyar,
ba ta tsufa ba, ba ta gaji da tagar ba.

Haka muka riƙa yi, babi guda kowane dare,
ina tuntuɓe da sunayen ƙauyuka,
tana gyara mini kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
In mugun cikin labarin ya shigo sai ta ja tsaki,
tsaki irin na Gwaggona, har da kawar da kai.
Wa ya koya wa wa?

Bargon cinyarta kore ne da shuɗi, da siririn ratsin ja.
Ta ce, "Ba ado ba ne, sunan gida ne,
dangin uwata na kan duwatsu da shi ake gane su."
Na kama yatsanta na ɗora a kumatuna,
kan tsagar da wanzami ya yi mini ranar suna.
Na ce, "Mu a fata muke saƙa namu."
Ta daɗe tana shafawa, kamar mai karatu.

Ta koya mini kunun hatsinsu, gishiri ake sa masa,
sukari na mutanen kudu ne, in ji ta, tana yatsina.
Ta koya mini ba wanda ya taka ni haƙuri,
da yin hira kan ruwan sama
har shayi ya huce ba a taɓo damuwa ba.
Wannan kam na iya tun daga gida,
mu ma "lafiya lau" muke cewa ko ciki na ci da wuta.

Ranar wani biki mai busa ya zo farfajiya,
jakar iska a hammata, gwiwoyi a waje cikin sanyi.
Na ga ƙafarta na motsi ƙarƙashin bargo.

Saura babi biyu na ce, "Kada ki gaya mini ƙarshe."
Ta yi dariya. "Sau goma sha ɗaya na karanta shi.
Ba ƙarshen nake jira ba,
muryarki nake jira ta isa wurin."

Daren Laraba na zo, an yaye shimfiɗa,
an bar taga a buɗe.
Jikarta ta ajiye mini littafin a ofis
naɗe cikin bargon nan kore da shuɗi.

Da asuba na kai shi tashar jiragen masunta,
tsuntsayen teku na ta faɗa kan kawunan kifi.
Na karanta a bayyane, a hankali, ba mai gyara mini.
Wasiƙar ta iso. Ba abin da na zata ne a ciki ba.
Na ja tsaki, ni kaɗai, sau biyu,
ɗaya nawa, ɗaya nata.

Sannan na shiga bas ta bakwai da kwata,
da zan sauka na ce wa direba na gode,
yadda ake yi a nan.