Nauyin Hoto

A shagona na bayan tashar Garwa,
inda fanka ke kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai wa waccan,
Malam Tanimu ya ajiye kile a kan teburi
kamar mai ajiye ƙwai.
Ya ce, "Kukan masuntan Lagdo ne.
Shafi tara. Kafin la'asar ake so ya isa Yawunde."

Shafi tara ai ba aiki ba ne.
Na buga rabon gado, na buga ƙarar gona,
na buga kundin ɗalibi mai shafi ɗari uku
ina ɓare gyaɗa da ɗaya hannun.
Amma a shafi na huɗu akwai hoto.

Ina dannawa kwamfuta ta toge
kamar jakin da ya hango gada.
Ɗan zoben nan ya kama juyi, ya juya, ya juya.
Da hoton ya ga dama ya shigo da kafaɗa,
ya ture sakin layi biyu zuwa maƙwabta,
ya haye gefen takarda,
rabinsa a ciki, rabinsa can inda firinta ba ta zuwa.
Kalma dubu uku ba su kai gashin kaza ba,
shi kaɗai mega arba'in da ɗaya.
Akwatin can kuwa biyar yake haɗiya, ba ƙari.

Na kama kunnensa da linzami na ja,
ya ƙanƙance a ido, nauyi na nan daram.
Naɗe tabarma ba ya rage mata kaba.

Na ce, "Sai an yanka."
Ya jawo kujera, ƙamshin banda na biye da rigarsa.
Mutum ashirin da uku a bakin ruwa,
kwalekwale shida a kife, koma a shanye,
sama kuma ta cinye rabin fili.
"Yanke saman," in ji shi,
"bana ba abin da ta ba mu sai ambaliya."
Na yanke, na bi na share guntun,
don kwamfuta marowaciya ce,
abin da ka yanke sai ta ɓoye a bayan labule.
Saura talatin.
"Ruwan ma cire shi. Sun san da ruwa a Lagdo."
Sha tara.

Na kai almakashi gefen dama,
inda wani dogo ya tsaya nesa da sahu,
rabin fuska, hula a hannu, ido na wani wuri.
Caraf ya riƙe mini wuyan hannu.
"Ɗanjimma ke nan. Watan takwas ruwa ya tafi da shi.
Ba shi da wani hoton.
Na katin ɗan ƙasa ma a aljihunsa yake."

Fanka ta yi zagaye uku, ba wanda ya ce uffan.

Sai na ajiye yanka na koma matsi,
na rage ɗigo, na sake ragewa.
Kowa ya ba da nasa kaɗan:
tsagar kumatun shugaba ta dushe,
idon koma ya zama hayaƙi,
sunan da ke jikin jirgi ya daina karantuwa.
Huɗu da ɗigo takwas.
Mutum ashirin da uku, ba wanda ya sauka.
Rubutu ya dawo ya zauna a gefensu.
Saƙo ya tafi, minti goma kuran ya bi bayansa.

Ya ƙirga mini jaka ɗaya da rabi a duhu.
Daga bakin ƙofa ya waiwayo:
"Babban fa? Kada ka taɓa shi."

Ban taɓa ba.
Yana nan da samansa da ruwansa,
yana sa tsohuwar na'urata nishi.
Ranar da ciniki ya kwanta nakan buɗe shi,
in jira zoben ya gama juyinsa,
in matso gefen dama, in matso, in ƙara matsowa,
har in ga ƙugiya biyu soke a bakin hular
da zaren da ya fara warwarewa.

Abin da yake kallo ne ban samu ba.
Wannan ba ni na yanke ba,
mai ɗaukar ne bai juya ba.