Lamba Talatin da Ɗaya

A Porto, a ɗakin da ke saman gidan burodi,
inda ƙamshin gashi yake riga ƙararrawar coci tashe ni,
na buɗe gasar da ƙa'ida uku kacal:
kiɗan saitirans, kada ya wuce minti takwas,
kuma kowa ya ajiye sunansa a bakin ƙofa,
lamba za mu ba shi.

Sittin da huɗu suka iso.
Wasu tun makon farko, wasu saura ƙiris a rufe,
wani ya turo har sau uku,
kowane karo yana rantsuwa wannan ne na gaskiyar.

Alƙalai uku, agogo uku.
Iracema a Recife, sai tagwayenta sun yi barci take saurare.
Zsombor a Szeged, cikin motar rabon wasiƙu.
Tetsuro a Sapporo, ƙanƙara har bakin taga,
shi ba ya yabo,
in abu ya kama shi sai ya rubuta: a sake ji.

Bugu ɗari da arba'in da biyar a minti guda,
dum, dum, dum, kamar zuciyar wanda ya tsere wa kare,
har Dona Ermelinda da ke maƙwabtaka
ta riƙa dukan bango da ƙotar tsintsiya.
Na toshe kunnuwa da abin sauraro.
Kwana ashirin ina ciki.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
lamba talatin da ɗaya tawa ce.
Shekara biyu ina goge ta, ina feƙe ta,
na cusa ta cikin layi kamar baƙuwa.

Zsombor ya ba ta huɗu bisa goma.
Iracema ta ce: tsaf take,
kamar ɗakin da ba a taɓa kwana a cikinsa ba.
Tetsuro bai ce a sake ji ba.

Na sauka na sayi burodi mai zafi, na ci a tsaye.
Na dawo na shigar da makin da hannuna.
Yatsana ya daɗe a kan madanni, ba zan ɓoye ba,
amma huɗu ya shiga a huɗunsa.

Gurbi tara ne a kundin.
Na tara da na goma suka yi kunnen doki,
muka kwana biyu muna jayayya a kan sakan arba'in,
sai da Zsombor ya yi fushi, ya huce,
Iracema ta jefa kwabo a kicin ɗinta.

Goma sha bakwai ce ta cinye, babu gardama.
A minti na biyar komai yakan ɗauke,
sai wani gurnani ya taso daga can ƙasa,
ya hau ƙafa, ya hau gwiwa, ya zauna a ƙirji.
Da muka buɗe sunaye:
Bronislava, shekara hamsin da takwas,
mai gyaran firji a Košice.
Gurnanin kuwa injin wani tsohon firjin mahauci ne
da ta ɗauki muryarsa kwana ɗaya kafin ya mutu.

Sauran aikin ba shi da daɗin labari:
daidaita sauti, takardun izini,
mai zane da ya kawo kwaɗo mai ido bakwai
alhali naman kaza muka ce,
muka bar kwaɗon.

Daren Juma'a, sha biyu daidai, na danna.
Minti shida shiru.
Sai wani a Valparaíso ya saya,
ya biya fiye da kuɗin da muka sa.
Tetsuro ya rubuto kalma uku. Na san su.

Talatin da ɗaya tana nan inda na bar ta.
Jiya na buɗe ta, na ƙure sauti,
na kafa makirfo a jikin bango,
ina jiran Dona Ermelinda ta ɗauko tsintsiya.